Hira a Tsakar Gida: Kuɗin Yawo Ne, Ko Kuɗin Karatu?

 Cikin wasiƙun da suka iso mana kwanan nan akwai ta wata uwa mai 'ya'ya biyar, wadda ta roƙe mu kada mu buga sunanta, mun kuwa yarda. Ta ce 'yarta ta fari, wadda take aji biyu na ƙaramar sakandare, ta komo gida da takarda daga makaranta, ana neman kowane ɗalibi ya kawo kuɗi domin za a kai ajinsu Yankari su yi kwana biyu. Da maigida ya karanta takardar sai ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce shi ba shi da kuɗin yawo, kuɗin karatu kuwa ya riga ya biya. Ya ƙara da cewa in biri yarinyar take so ta gani, ta bari sai sun je ƙauye da Kirsimati. Tun daga ranar yarinya ba ta cin abinci sosai. Uwar kuwa ta rasa yadda za ta yi, ba ta so ta saɓa wa mijinta, ba ta kuma so 'yarta ta zauna a gida ranar da 'yan ajinta za su hau mota. Tambayarta ita ce, wa ke da gaskiya?

Ba al'adarmu ba ce a wannan shafi mu shiga tsakanin miji da mata mu ce wane ya ci, wance ta faɗi. Maganar maigidan nan kuwa ba mu raina ta ba. Shi ya san nauyin aljihunsa, wanda yake ciyar da baki bakwai a wannan zamani kuwa ba a koya masa lissafi. Watakila ma akwai abin da bai faɗa ba, watau tsoron hanya, za mu zo kansa a gaba. Amma kalma ɗaya cikin maganarsa ta tsaya mana a rai, ita ce "yawo". Mu ma dā haka muke kiran irin wannan tafiya, har ranar da aka roƙe mu mu raka wani aji, mu iyaye uku da malamai biyu da yara talatin da 'yan kai. Abin da muka gani a kwana biyun nan shi za mu faɗa, maigida ya karanta ya auna da kansa.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Yankari gandun namun daji ne a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. In an tashi daga Bauchi sai a bi hanyar Gombe, a Dindima a karya dama, a yi ta tafiya har ƙofar gandun a Mainamaji. Daga ƙofa akwai sauran kimanin kilomita 40 cikin daji tsantsa kafin a kai sansanin Wikki inda baƙi suke kwana. Faɗin gandun murabba'in kilomita 2,244 ne, watau in da gefunansa huɗu daidai suke, da kowane gefe ya kai kilomita 47. Gwamnatin Jihar Arewa ta dā ce ta amince a keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba 1962. A 1991 ya shiga cikin gandayen Gwamnatin Tarayya, a 2006 kuma aka mayar da shi hannun Jihar Bauchi. Dukiyar gwamnati ce ke nan, ta gwamnati kuwa ta talakawa ce. Ma'aikatan wurin ba gadin namomi kaɗai suke yi ba. Cikin aikinsu har da karɓar ɗalibai, da fita da su daji, da yi musu bayani. Ba a barin baƙo ya shiga kallon namomi shi kaɗai, tilas sai da jagora a cikin mota. Da farko mun ɗauka doka ce kawai ta tsaro. Ashe malami ne aka sa mana a motar.

Jagoranmu mutum ne mai 'yar furfura, ɗan ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke gefen gandun. Da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba, muka hau buɗaɗɗiyar mota. Yara suna ta surutu, kowa yana cewa shi zai fara ganin zaki. Jagora bai tsawata musu ba. Da muka yi 'yar tafiya sai ya ce wa direba ya kashe mota, ya juyo ya ce, "Yara, ku yi mini shiru na minti biyu, kowa ya ƙidaya kukan tsuntsu iri nawa ya ji." Kai, ba mu taɓa sanin minti biyu suna da tsawo haka ba. Wani ya ce uku, wata ta ce biyar. Wata yarinya, wadda malamarta ta gaya mana ba ta buɗe baki a aji, ta ce takwas, har ta kwaikwayi huɗu daga ciki. Jagora ya ce an lissafta tsuntsaye fiye da iri 350 a gandun, sa'an nan ya dube ta ya ce, "'Yata, kin fara da kyau, saura miki ɗari uku da arba'in da biyu." Daga nan motar ta yi tsit, ba don an hana magana ba, sai don kowa ya kasa kunne.

Bari mu faɗa tun yanzu, ba mu ga zaki ba har muka dawo, giwa ma ba mu gan ta ba a fitar farko. Abin da muka gani kashinta ne, tuli guda a tsakiyar hanya. In da mu kaɗai ne da mun kauce mun wuce. Jagora ya duba hagu da dama, ya sauka, ya dudduba, sa'an nan ya yarda yara su sauko su tsaya bayansa. Ya sa sanda ya tona kashin. Yara suka toshe hanci suna dariya, ya ce su matso. A ciki akwai ciyawa da ɓawon itace da ƙwallayen 'ya'yan itatuwa waɗanda ba su narke ba, ga kuma buzuzu suna ta mirgina rabonsu. Ya tsinto ƙwallo ɗaya ya tambaya ko akwai wanda ya san shi. Ba wanda ya sani. Ƙwallon aduwa ne. Ya bayyana musu cewa babbar giwa takan ci abin da ya kai kilo 150 a yini, tana kuwa tafiya mai nisa, saboda haka ƙwallon da ta haɗiye a nan sai ta ajiye shi can wani wuri, a cikin takinsa. Damina na sauka ya tsiro. Ya ce giwa manomiya ce, ita take shuka dajin da jikokinta za su ci.

Bai tsaya nan ba. Ya kai bayan hannunsa kusa da kashin ya ce ya yi sanyi, tun da dare ta wuce. Ya nuna musu sawunta, da yadda ake gane inda ta dosa, da wani ƙaramin sawu a gefen babban, alamar akwai ɗa a garken. Ya ce giwa takan yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, sa'an nan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa. Sai ya bar su da lissafi: in mafarauta sun kashe goma a shekara guda, shekara nawa garken zai yi kafin ya mai da su? Muka ga yaran da sukan sunkuyar da kai in an ambaci lissafi suna ƙirga da yatsu, suna gardama da juna. Rabin sa'a muka yi a kan kashin giwa. Mu da muka yi firamare da sakandare da abin da ya biyo baya, ba mu tuna wani darasin kimiyya da ya zauna mana a ka kamar wannan ba.

Abin da ya ba mu kunya kuwa shi ne maganar itatuwa. Jagora ya riƙa nuna itace yana tambayar sunansa. Yara sun gane kuka, wasu sun gane tsamiya. Daga nan sai shiru. Marke, kawo, taura, maɗaci, ɗinya, ba wanda ya iya kiran ko ɗaya, alhali kuwa yawancinsu sun sha taura da ɗinya da aka sayo musu a kasuwa. Mu iyaye uku da ke bayan mota muka dubi juna. Mun san su duka, gama a ƙauye muka tashi. Da ɓawon maɗacin nan aka yi mana jiƙo muna yara, har yau in mun tuna sai bakinmu ya yi ɗaci. Amma ba mu taɓa zama mun koya wa 'ya'yanmu ba. Mun kawo su birni, mun sa su makaranta, mun ɗauka ilimi ya cika. A makarantar Lahadi sun iya labarin jirgin Nuhu daga farko har ƙarshe, sukan zana raƙumin dawa yana leƙowa ta taga, amma ba su san gwanki ba, ba su san kanki da gwambaza da mazo ba, namomin da kakanninsu suke ambata a tatsuniya da karin magana. Da muka ci karo da garken gwanki a wani fili, sai wani yaro ya ja rigarmu ya ce, "Baba, ga jakai masu ƙaho!" Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Raƙumin dawan da suke zanawa kuwa, jagora ya gaya musu dā akwai shi a Yankari, yanzu babu. Kyarkeci ma haka. Zakoki saura kaɗan, binciken masana ya nuna a duk Nijeriya wuri biyu kaɗai suka rage musu, nan da gandun Tafkin Kainji. Giwayen kuma, ko da yake garkensu yana cikin mafi girma da suka rage a ƙasar, a 'yan shekarun nan an ƙiyasta su tsakanin 100 da 150 ne kawai. Yaro yakan karanta a littafi cewa namun daji suna ƙarewa, ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, ya manta. Amma a tsaya da shi a fili a ce masa nan raƙumin dawa yake kiwo sa'ad da kakanka yake saurayi, ya duba ya ga fili wayam, wannan wani abu ne dabam. Gani ya kori ji.

Da tsakar rana, sa'ad da zafi ya kori namomi inuwa, aka kai mu ɗakin ajiye kayan tarihi da ke sansanin. Akwai fatu da ƙasusuwa da ƙahoni da haure, akwai kuma bindigogi da tarkuna waɗanda masu gadin daji suka ƙwace daga hannun ɓarayin farauta. Wata yarinya ta tsaya gaban hauren giwa ta tambaya, don me mutum zai kashe babbar dabba haka saboda haƙori, alhali ba a cin haƙori? Jagora ya gaya mata yadda ake fataucin haure a ɓoye zuwa ƙasashen waje, a sassaƙa shi a yi kayan ado. A nan ne kuma ya yi abin da ya ƙara masa girma a idonmu, gama bai ɓoye musu ɗaya gefen maganar ba. Ya ce gandun ba shi da shinge, giwa kuwa ba ta san iyaka ba. In amfanin gona ya nuna, garke yakan fita da dare, gonar masara ko dawa wadda mutum ya yi wata huɗu yana wahala a kanta ta zama fili kafin gari ya waye. Ya ce shi kansa ya taɓa tsayawa a irin gonar nan da safe, mai ita yana zaune a ƙasa ya kasa magana.

Nan fa gardama ta tashi. Wani yaro ya ce in haka ne a harbe giwayen duka a huta. Wata ta ce a'a, a tashi manoman, ai giwa ta riga su zuwa. Jagora ya bar su suka yi mai isarsu, sa'an nan ya ce, "Manomin nan kawuna ne, giwar nan kuma ita nake gadi. Wanne kuke so in bari?" Ba wanda ya amsa. Ya gaya musu abin da aka gwada. A 2014 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka, mai suna WCS, don a ƙarfafa sintiri. An ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai na'ura wanda yake nuna inda garke ya dosa, an kuma zaɓi mutane a ƙauyuka waɗanda za su buga waya in giwaye sun fito, domin ma'aikata su zo su kora su. Ya ce wannan ya rage ɓarna, bai kawar da ita ba. Mun ji daɗi da bai rufe maganar da zaƙi ba. Yara sun koma da tambayar da ba ta da amsa a bayan littafi, irin tambayoyin kuwa su ne za su yi ta gamuwa da su in sun girma.

Mu ɗan ratse kaɗan. A ganinmu yaran da suka fi cancanta a kai su cikin gandun nan su ne na ƙauyukan da ke kewaye da shi. Da yawa cikinsu ba su san giwa ba sai a kan ɓarauniyar dare ce mai cinye abincin gidansu, su ne kuwa gobe za su zama ko dai masu gadi ko masu ɗana tarko. Ikkilisiyar birni wadda take iya cika mota da 'ya'yanta, ba za ta talauce ba in ta bar kujera biyar ga yaran wata ikkilisiyar ƙauye da ke kan hanya.

Giwayen dai mun gan su da yamma, daga nesa, suna gangarowa Kogin Gaji. Da rani ne muka je, lokacin da tafkunan daji suka ƙafe, namomi suka tattaru bakin kogin, ciyawa kuma ta kwanta ana iya hangen nesa. Wanda ya je da damina zai sha kallon ganye. Tsohuwar giwa ce a gaba, kamar yadda jagora ya faɗa tun da safe, gama ita ce ta san inda ruwa yake a shekarar fari. Ɗan ƙaramin da muka ga sawunsa yana tsakiya. Yara talatin da 'yan kai, ba wanda ya yi ko tari. Washegari aka kai mu Kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka fafe a jikin dutse, waɗanda aka sa musu sunan P. J. Marshall, mai binciken da ya gano su a 1980. Aka ba mu labarin rijiyoyin Dukkey, fiye da ɗari, haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa, da wuraren da ake narka tama a fid da ƙarfe. Yara suka gane dajin nan ba wofi yake ba tun asali, mutane sun zauna a ciki, sun yi sana'a, sun yi dabarar ruwa tun ba a san famfo ba.

Sai maganar Wikki, wadda ita ce yawancin mutane suka sani game da Yankari. Maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ce da take fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, ruwan garau har ana ganin yashin ƙasa, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Yaranmu sun yi wanka, mata da lokacinsu, maza da nasu, mu manya muna tsaye a bakin ruwa muna ƙirga kawuna. Ba mu ga laifin wannan ba, yaro ya yi karatu ya yi wasa. Amma muna can sai ga motoci uku na wata makaranta sun iso da tsakar rana. Suka sauka da kiɗa, suka faɗa ruwa, suka yi ta ɗaukar hoto da waya, suka ci abinci suka watsar da ledoji, ƙarfe huɗu suka hau mota suka koma. Ba su fita daji ba, ba su leƙa ɗakin tarihi ba, ba su yi magana da ma'aikaci ko ɗaya ba sai mai karɓar kuɗin ƙofa. Yaranmu ne suka tsince ledojin, ba tare da an sa su ba, gama da safe an gaya musu abin da leda take yi a cikin dabbar da ta haɗiye ta. To, wannan kam yawo ne. In irinsa maigida yake nufi, muna bayansa sarai.

Kun ga ke nan wuri ɗaya ne, kuɗin ƙofa ɗaya, amma wasu sun yi karatu, wasu sun yi wanka. Saboda haka shawararmu ta fari ga uwar nan ita ce, kada ta tsaya roƙon maigida, ta roƙe shi su je makarantar tare su yi tambaya. Za a fita daji da jagora, ko kuwa Wikki kaɗai za a tsaya? In za a fita, da sassafe ne da yamma, ko da tsakar rana sa'ad da ba a ganin komai? Manya nawa za su raka yara, akwai mace a cikinsu wadda za ta kwana kusa da 'yammata? Me aka koya wa yaran kafin tafiya, me kuma za su rubuta in sun dawo? Makarantar da ta shirya za ta amsa nan take, har ta ji daɗin tambayar. Wadda ta fara kame-kame, ta riga ta ba da amsa.

Yanzu ga maganar hanya. Ba za mu yi kamar ba mu san halin da ƙasa take ciki ba. A 2025 an ji labarin hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Alkaleri, uban da ya ji wannan ya yi ɗari-ɗari kuwa ba matsoraci ba ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tilas makaranta ta tuntuɓi ofishin gandun da jami'an tsaro a makon tafiyar, ba wata uku kafin nan ba, ta kuma gaya wa iyaye abin da aka ce mata. A yi tafiya da rana, a isa kafin la'asar. In akwai shakka ko kaɗan, a ɗaga tafiyar. Giwa za ta jira.

Maganar kuɗi kuma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyaye suna da iko su nemi a rarraba musu lissafin, nawa ne na mota, nawa na ƙofa, nawa na kwana, nawa na abinci. Sau da yawa in an yi haka sai a ga inda za a rage. Mu da muka je, abinci daga gida muka ɗauka, gari da ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai da burodi. Burodin dai ba mu muka ci ba. An gargaɗe mu tun a ƙofa cewa bikan sansanin ba su da kunya, muka ce mun ji. Muna sauke kaya muka juya baya, wani ƙaton bika ya zo ya ɗauke ledar gaba ɗaya, ya hau rufin ɗaki ya zauna yana ci yana kallonmu. Yara sun fi tuna wannan da komai. Ana kuma iya roƙon makaranta ta karɓi kuɗin kashi biyu ko uku. Mun san wata zumuntar mata da ta yi adashi na wata huɗu musamman don irin wannan tafiya, ba yaro ko ɗaya na ikkilisiyarsu da aka bari a gida.

In duk an yi wannan, hanya lafiya, makaranta ta ba da amsa mai gamsarwa, aljihu kuma zai iya ko da da ƙyar, to, amsarmu ita ce a bar yarinya ta je. Kuɗin karatu ne.

In kuwa ba hali, ba abin kunya ba ne, kada kuma uwa ta bar yarinya ta ɗauka ubanta mugu ne. Akwai wurare na kusa. Mutanen Filato suna da gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Kano tana da gidan zu mai sunan Audu Bako. Dabbar da ke cikin keji ba za ta koyar da abin da ta daji take koyarwa ba, ba sawu, ba aduwa a cikin kashi, amma ta fi hoto. Akwai kuma wurin da kusan ba wanda yake tunawa da shi, watau wurin renon itatuwa na ma'aikatar gandun daji, wanda jihohinmu da yawa suke da shi. Malamin daji yakan yi murna in ya ga aji guda sun zo, ya nuna musu yadda ake jiƙa iri, da yadda ake cika leda da ƙasa da taki, da dalilin da ya sa ake dasa itatuwa jeri-jeri a arewa don su tare iska da yashi. A rubuta masa takarda tukuna, kada a faɗo masa kwatsam. Wannan ba ya bukatar kuɗin kwana.

Maigida kuma ya ce a bari sai an je ƙauye da Kirsimati. To, mun riƙe shi a kan maganarsa. Tun da ya ambaci ƙauye, mun tabbata ya san marke da kawo, ya san sawun zomo da na gafiya, ya san itacen da ba a sa wa gatari da dalilin da ya sa. In bai biya kuɗin Yankari ba, bashin jagora yana kansa. Washegarin Kirsimati, tun da sanyin safiya, ya ɗauki yarinyar da ƙannenta, da littafi da fensir, su bi hanyar gona. Ya nuna mata itatuwa ashirin, ta rubuta sunan kowanne da amfaninsa, waɗanda ya manta a tambayi kaka. Ya nuna mata kuma inda wasu suke sa'ad da yake yaro, yanzu sai kututture. In ta gama ta aiko mana da jerin sunayen, da sunan ƙauyen, za mu buga shi a wannan shafi a fitowar watan Fabrairu. Sauran yara masu zuwa ƙauye su ma muna jiran nasu.

Sai wata mai zuwa.